Abdu Mumuni Jofo: malamin da ya tambayi lakwal amfaninta

 

In ka taɓa zuwa Yamai ka ƙetare gadar Kennedy ka sauka Harobanda, ka ga sunan nan a ƙofar jami'a, an rubuta shi da rubutun Faransanci: Abdou Moumouni. In ma ba ka taɓa zuwa ba, ka ji shi a rediyo ran da ɗalibai suka shiga yajin karatu, ko a bakin yayanka da ya ci bak ya tafi can. Sunan ya riga ya zama sunan wuri, kamar a ce Wadata ko Katako. Gwada tambayar abokanka goma a fada ko wane ne mai sunan, ka sha mamaki. Wani zai ce tsohon minista ne, wani zai ce attajirin da ya gina wurin ne. Ko ɗaya. Malamin makaranta ne. Abin da ya sa muka ware masa waɗannan shafuka kuwa, wata tambaya ce da ya kwashe rayuwarsa yana fama da ita, wadda kai ma ka taɓa yi, ko aka yi ta a gabanka.

Ka san tambayar. Ana zaune ana shayi, sai wani ya nuna wane da ya yi shekara goma sha shida bisa benci, ya samo lisans, ga shi yau yana kabu-kabu. Ya nuna wane da ya gudu tun CM2, ga shi da shago biyu cikin kasuwa, da mata, da ƴaƴa. Sannan ya juyo ya tambaye ku wai mi lakwal ta tsinana wa mutum. Galibi masu karatun shiru suke yi, ko su hasala. Abdu Mumuni bai hasala ba. Shi da ya kai inda babu ɗan ƙasar nan da ya taɓa kaiwa a fanninsa, shi ne ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan wannan tambaya, ya kuma yi shekara kusan talatin yana gwada amsarta da hannunsa.

An haife shi a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtashi, can bakin kogin Kwara, kudu da Yamai. Ya yi karatun firamare a Damagaram da Yamai. Ka tsaya ka auna zamanin. Shekara uku ke nan da Nasara ya ɗauke babban birni daga Damagaram ya kai Yamai. Aikin dole yana nan daram, sai 1946 aka soke shi. Lakwal kanta mutane da yawa kallon wani irin lanho suke yi mata: kwamandan ya aiko wa sarki a kawo yara kaza, sai a ɓoye na gida a tura ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa. A shekarar da aka haifi Abdu Mumuni ne ƙasar nan ta samu mushenta na farko ɗan ƙasa, wato Bubu Hama. Mutum ɗaya tak, bayan wajen shekara talatin da zuwan Nasara.

Wannan kaɗai ya ishe ka gane abin da aka kafa lakwal dominsa. Kwamandan yana bukatar tafinta, da mai rubuta masa takardu, da mai ƙidayar kawunan da za su biya lanho, da mai taimakon likita, da mushen da zai ƙyanƙyashe wasu irinsu. Da an samu adadin da ake so, shi ke nan. Har ƙasar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Abdu Mumuni yana cikin ƴan ƙalilan da suka tsallake wannan rariya. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka tura shi Senegal, makarantar William Ponty da ke Sebikotan, inda ake tara zakarun yara daga ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Jori Hamani da Jibo Bakari da Modibo Keita na Mali duk Ponti suka yi. Wanda ya fito daga Ponti a lokacin ya gama, sai aure da albashi da farin kaya. Shi bai tsaya nan ba. Ya wuce lise a Dakar, daga nan ya tafi Paris. Ya samu lisans a fannin fizik a 1953, wato ilimin haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa. A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agregasiyon. Gasa ce mai guraben da aka ƙidaya, ƴaƴan Faransa ma kansu da yawa faɗuwa suke yi, su sake, su sake faɗuwa. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci ta a fizik. A shekarar ce kuma Jozef Ki-Zerbo na Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, ya ci tasa a fannin tarihi. Abdu Mumuni yana da shekara 27.

A Paris ba karatu kaɗai ya yi ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, FEANF, yana kuma cikin mutanen farko na jam'iyyar PAI da aka kafa a Senegal a 1957, mai neman a ba Afirka ƴancinta kai tsaye ba wani kwana-kwana. Gara mu faɗa maka gaskiya tun yanzu: a siyasa ra'ayinsa ya karkata ga ƴan gurguzu, kamar yawancin ɗaliban da suka yi wannan gwagwarmaya. Ba dole ne ka bi shi can ba, mu ma ba mu bi shi ba. Amma in likita ya gano ciwon da ke damunka, ba ka fara tambayar katin jam'iyyarsa.

Ya koma Dakar yana koyarwa, da albashi irin na Bafaranshe. Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Gine ta Seku Ture ta ce a'a ga tayin Janar De Gol, ita kaɗai cikin ƙasashen. A nan gida Jibo Bakari da Sawaba sun nemi a ce a'a, ba su yi nasara ba. Faransa ta fusata ta kwashe ma'aikatanta daga Gine, har da malaman makaranta, don sabuwar ƙasar ta durƙushe kowa ya gani. Wasu ƴan bokon Afirka suka ajiye ayyukansu suka nufi Konakiri don cike gurbin. Ki-Zerbo ya tafi. Abdu Mumuni ma ya tafi, ya shiga aji a lisen Donka ya ɗauki alli. Wannan ne karo na farko da za ka ga yadda ya ɗauki takardar shaidarsa: inda aka fi bukatar malamin fizik, can ya kai ta.

Bai daɗe a Gine ba. Ya dawo Yamai ya ɗan koyar, nan ma bai daɗe ba. Daga 1962 zuwa 1964 yana Tarayyar Sobiyet yana ƙaro ilimin sarrafa zafin rana. A 1964 ɗin nan ne littafinsa ya fito a Paris, L'Éducation en Afrique, wato tarbiyya da karatu a Afirka. An juya shi zuwa Ingilishi a 1968, an kuma sake buga shi bayan rasuwarsa. Har yau duk mai bincike a kan makarantun Afirka sai ya bi ta kansa. Abin kunya ne a ce ɗaliban da sunansa ke bisa katinsu da yawa ba su taɓa riƙe shi ba. A nan za mu ɗan daɗe, don nan ne maganar take.

Ya fara da abin da aka tarar kafin zuwan Nasara. Ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya aikin kowa ce, uwa da uba da kawu da maƙwabci da tsara. Ya nuna cewa ba a raba ta da zaman yau da kullum: yaro yana koyo ne yana cikin aikin, aikin kuma yana amfanar gidan tun ranar. Tana gina jiki da hali da hannu da tunani gaba ɗaya, kuma tana tafiya daki-daki gwargwadon shekarun yaro. Ba sai ka je nesa ba kafin ka ga abin da yake nufi. Dubi ɗan maƙeri. Da zuga-zugi yake farawa, yana kallon launin ƙarfe cikin wuta har idonsa ya san lokacin da ya nuna. Bayan shekaru a ba shi guduma. Ran da ya ƙera hauyarsa ta farko, manomi ne zai yi masa jarrabawa, cikin gona, in ta karye kowa ya ji. Haka ɗiyar mai ginin tukwane a Mirya, haka ɗan baduku a Damagaram, haka ɗan mai lambun albasa a Galmi da ya san ranar dashe tun bai san ƙirga watanni ba. A cikin waɗannan babu wanda zai gama koyo ya zauna yana jiran a ɗauke shi aiki. Kalmar zaman kashe wando ba ta da wurin zama a nan.

Kada ka ɗauka cewa ya yi a koma jiya. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin lissafi da awo ya san iyakar abin da ake koya da baki da kallo. Maƙeri ya san ƙarfe ya nuna, amma ba ya iya faɗa maka zafin ya kai nawa, ba ya iya rubuta shi ya aika wa maƙerin Tawa, in ya mutu kuma rabin saninsa ya bi shi kabari. Abin da Abdu Mumuni ya nema shi ne a ɗauki wannan ɗabi'a ta haɗa koyo da rayuwa, a zuba mata rubutu da lissafi da kimiyyar zamani.

Daga nan ya juya kan lakwal ɗin Nasara, ya yi mata fiɗa. Ya nuna ƴan kaɗan take ɗauka, da gangan. Ya nuna tana koya wa yaro raina abin da ya baro gida, aikin hannu da tarihin kakanninsa da harshen uwarsa. Tambayi babanka ko kakanka labarin sambol: wani ƙashi ko guntun ice da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci a filin makaranta, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa, wanda ya kwana a hannunsa ya sha bulala. Wannan al'ada ta daɗe bayan tafiyar Nasara, da hannun namu. Ka yi tunanin yaro ɗan shekara bakwai daga ƙauyen Dakwaro, ranarsa ta farko a aji. Ya san sunan kowace ciyawa da akuya ke ci da wadda ke kashe ta. Ya iya ƙirga canji a kasuwa. Amma da ya zauna bisa benci duk wannan ya zama banza, ya koma kurma kuma bebe, ana koya masa karatu da lissafi cikin harshen da ko ruwa bai iya roƙo da shi ba. In ya kasa, a ce ba shi da kai.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ganin ƙasashen sun samu tuta da taken ƙasa, amma lakwal tana nan yadda aka bar ta. Manhaja ta Faransa, jarrabawa ta Faransa, buri kuma guda ne, a samu kujera a biro. To kujerun biro nawa ne a ƙasar da mafi yawan mutanenta manoma ne da makiyaya? Makarantar da aka ƙera don ta fitar da akawu ɗari, in ka zuba mata yara dubu ɗari ba ka sake mata ƙira ba, akawu za ta yi ta fitarwa, waɗanda ba su da biro kuma sun manta hauya. Sauran da ta zubar a hanya, su ne mafi yawa, su koma gida ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. A 1964 ya hango wannan, tun ba a haifi iyayen wasunku ba. Abokinka na fada da ke nuna mai lisans bisa babur, abin da ya gani gaskiya ne. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗora laifin a kan karatu. Abdu Mumuni a kan ƙirar makarantar ya ɗora shi.

Maganin da ya kawo ba ɓoyayye ba ne. A koyar da yara da harsunansu, a kuma yi yaƙi da jahilci tsakanin manya da waɗannan harsunan, don manomi ya iya karanta awon da aka yi wa gyaɗarsa. A buɗe makaranta ga kowa, mace da namiji, birni da ƙauye. A ba kimiyya da sana'a matsayinsu tun daga ƙasa, a daina mai da makarantar koyon sana'a juji na waɗanda suka faɗi jarrabawa. A tsara karatu bisa abin da ƙasa ke nomawa da abin da take son ƙerawa. Wasu daga cikin waɗannan an taɓa su. A 1966 an yi taro a Bamako ƙarƙashin UNESCO aka daidaita yadda za a rubuta Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da Buzanci da haruffan boko. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Sai dai kalmar gwaji ta manne wa irin waɗannan makarantu shekara da shekaru, kamar yaron da aka ƙi yaye shi.

Rubuta littafi abu ne mai sauƙi in aka gwada shi da abin da ya biyo baya. Mutumin da ya ce ilimi ya koma ya yi wa mutanensa aiki, dole a tambaye shi nasa fa. Shi fizik ya karanta. To mi fizik za ta yi wa matar da ke tafiyar rabin yini neman icen girki?

Ya ɗaga kai ya dubi abin da muka fi kowa, abin da muke gudu muna zagi tun daga watan Maris har saukar damina. Da tsakar rana, kowane murabba'in mita ɗaya na ƙasar nan yana karɓar ƙarfin da ya kai kusan wat dubu daga rana, kyauta, ba kwastan ba dillali. Ba mu da teku. A lokacin ba a fara haƙar man fetur ba, duk litar da za a ƙona sai an jawo ta daga bakin ruwa, tafiyar fiye da kilomita dubu. Itatuwa kuma suna ƙarewa a kewayen birane. A 1964 ya tafi Mali ta Modibo Keita, ya koyar a babbar makarantar horon malamai ta Bamako, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar. A 1967 ya kare digirinsa na dakta a Paris, a kan yadda madubi mai lanƙwasa ke tattara hasken rana wuri guda. A 1969 ya dawo gida aka ba shi ragamar ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana, ya riƙe ta har 1985.

Bari mu kwatanta maka irin abin da ake ƙerawa a can, don ka ga yadda darasin aji ke zama kayan aiki. Ka san baƙar riga ta fi fara zafi a rana. Ka san in aka rufe gilasan mota aka bar ta a fili, cikinta ya zama tanda. Ka san in ruwa ya yi zafi sama yake tasowa. Haɗa ukun nan: faranti na ƙarfe a shafa masa baƙin fenti, a bi jikinsa da tiyo, a rufe da gilashi, a ɗora tanki daga sama. Ruwan da ya ɗumama ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagayawa har yamma. Ba ice, ba gawayi, ba kuran, ba famfo. Wannan ita ce na'urar ɗuma ruwa, kuma a Yamai ake ƙera ta, da hannun ƴan ƙasa. An ƙera na'urar tace ruwa, wadda rana ke tayar da tururi ya taru a jikin gilashi ya gangaro tas. An ƙera ta shanya kayan lambu da rana ba tare da ƙura da ƙuda ba. An ƙera murhun rana, mai kama da parabol ɗin telebijin, wanda ke tara haske a gindin tukunya. Har inji aka yi, tare da wani kamfanin Jamus, mai juyawa da zafin rana, da nufin jawo ruwa da ba da wuta inda waya ba ta kai ba.

Ka tuna kuma a wane lokaci ake wannan aiki. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka, a daidai lokacin kuma kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi sai a sannan suka fara waiwayar rana da gaske. Ɗan Tasawa ya riga su da shekara goma. Shi ya sa hukumomin duniya irin su UNESCO suka riƙa neman shawararsa.

To ina murhun rana a gidanku? Babu. A gidanmu ma babu. Wannan ɓangaren labarin bai kamata a tsallake shi ba, ko da a littafin tunawa ne. Ke ƴar'uwa kin fi kowa sanin dalili. Tuwon dare da la'asar sakaliya ake ɗora shi, lokacin da rana ta yi sanyi. Kunun safe kuwa ana dama shi tun ba ta fito ba. Babu matar da za ta so ta tsaya tsakiyar fili da azahar tana tuƙa tuwo, haske yana dukan idonta, tana juya parabol yana bin rana. Ran da hazo ya rufe sama kuma sai a kwana da yunwa? Ga tsada: gilashi da alminiyom daga waje suke zuwa, mai sayen ice na dala ashirin kullum ba shi da jikkunan da zai zube lokaci guda. Ba a Nijar kaɗai ba, kusan duk inda aka kai irin wannan murhu haka ya ci karo da madafa. Lissafin daidai yake, hasken yana taruwa, ruwa yana tafasa. Amma madafa tana da nata ilimin, wanda ba ya cikin littafin fizik, kuma masu shi ba su da dipilom. A ganinmu wannan bai rushe maganar Abdu Mumuni ba, ƙara mata nauyi ya yi. Haɗa makaranta da rayuwa ya fi wuya fiye da yadda masu jawabi ke faɗa, tunda har wanda ya rubuta littafin sai da rayuwa ta yi masa gyara. Na'urar ɗuma ruwa, da ba ta nemi kowa ya sake lokacin girkinsa ba, ita ta fi samun karɓuwa.

Duk da wannan aiki bai bar aji ba. Ya koyar da fizik a jami'ar Yamai tun tana jaririya, a 1979 kuma aka naɗa shi shugabanta, ya yi wajen shekara uku, a zamanin Janar Seyni Kunce. Da ya sauka ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen ransa. Mutumin da zai iya zama a Paris a kira shi farfesa, a biya shi da kuɗin da ba a jin kunyar faɗa, ya ƙare kwanakinsa yana gyara takardun ƴaƴan manoma a bakin kogi.

Yanzu kai da kake karanta wannan, wataƙila kana trwaziyem kana jiran birbe, ko kana jami'a a Maraɗi ko Tawa, ko ka bar lakwal tuni kana koyon walda. Ba kai ka tsara manhaja ba, ba kuma a hannunka gyaranta yake ba. Amma akwai abin da ke hannunka. Darasin da aka yi maka yau, ka taɓa neman inda yake zaune a gidanku? Kashi cikin ɗari da kake haddacewa don jarrabawa, shi ne ribar da mahaifiyarka ke ci ko take faɗuwa a kan kowace tiya ta gyaɗa da ta soya, kuma wataƙila ba wanda ya taɓa zama ya lissafa mata. Darasin ƙwayoyin cuta yana cikin randar da kowa ke tsoma moɗa. In kai ne mai walda, mai lisans ɗin nan da kuke yi wa dariya ya san dalilin da ya sa ƙofar da ka haɗa take cijewa da bazara, kai kuma ka san abin da hannunsa bai taɓa riƙewa ba. Kuna zaune bisa tabarma ɗaya kullum dare, butar shayi ɗaya, ba ku taɓa yin wannan hirar ba.

Abdu Mumuni Jofo ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61, ƴan watanni kafin a buɗe babban taron ƙasa. A 1992 aka sa wa jami'a sunansa. Ranar rasuwarsa ce ƙasa ta ware a matsayin ranar makamashin da ake sabuntawa.

A 2018 aka ƙaddamar da tashar wutar rana ta Malbaza mai megawat 7. A 2023 ta Goru Banda, kusa da Yamai, mai megawat 30, ta fara aiki, a shekarar da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, garuruwa suka kwana cikin duhu, masu firji da masu niƙa da teloli suka ji a jikinsu. Tun daga nan pano ya cika kasuwa, ka gan shi bisa rufin shago, bisa rijiyar lambu, a rumfar mai cajin waya. Waɗannan ba irin na'urorin da ya fi ƙerawa ba ne, su haske suke mayarwa lantarki kai tsaye, shi kuwa da zafi ya fi aiki. Amma ranar ita ce dai wadda ya nuna. In ka samu dama, ka juya bayan pano ɗaya ka karanta inda aka ƙera shi. Ka kuma tambayi yaron da ya hau rufi ya ɗaura shi ko a wace makaranta ya koya.

Allah ya jiƙan Malam Abdu Mumuni, ya gafarta masa kurakuransa.